Baba Dikin a Ƙofar Ɗakin Ajiya

Mahaifinmu gajeren mutum ne mai sanƙo, mai saurin tafiya kamar wanda aka aika. A coci Dikin ake ce masa, wato mai hidimar ikkilisiya. Shi ke buɗe ƙofa da sassafe, shi ke jera benci, shi ke zagayen marasa lafiya, shi ke riƙe tiren gurasa ranar Jibin Ubangiji. A layin teloli kuwa Mai Keke ne sunansa, don gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Bara ya rasu. Tun ranar jana'iza, duk wanda ya zo mana gaisuwa sai ya tado labarin abin da ya yi wata Lahadi a ƙofar ɗakin ajiyar coci, kuma kowa da daɗin baki yake ba da shi. Ni ce babbar 'yarsa, a gabana aka yi. A gidanmu labarin bai taɓa yin daɗi ba.

Maraya ya tashi a hannun kawunsa, wanda ya koya masa gyara rabi da baki rabi da ranƙwashi. Wataƙila shi ya sa bai taɓa ɗaga hannu a kan ɗayanmu ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, kawunan kekuna jere a kan katako, gwangwanin madara cike da sukuru, ko'ina warin mai. A nan ya haɗu da Mama, ta kawo kekenta yana tsinka zare. Takan ce da gangan ya ƙi gyara shi sosai don ta yi ta dawowa, shi kuma ya ce keken ne ya ɗauko halin mai shi.

Mu uku suka haifa: ni, da yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai ƙanena Dogo, sai Auta wadda ta zo bayan an fid da rai. Baba ba ya iya sa loma a baki sai ya ga kowa ya shigo gida. Lokacin da Mama ta kwanta jinya shi ya yi wa Auta kitso da hannunsa, ta je makaranta kanta kamar gonar da awaki suka shiga, amma ta ƙi yarda a tsefe. Da Dogo ne kaɗai ba sa jituwa. Dogo ya fi shi tsawo tun yana sakandare, ga zafin zuciya. Ya ƙi shago ya tafi gareji, coci kuma sai ranar da ya ga dama. Yakan ce, "Baba, kai ko taka ka aka yi sai ka ba ƙafar haƙuri." Baba ya ce, "To ai ita ma ta ji jiki." A kan Auta kawai bakinsu ke zama ɗaya, don dukansu ba sa son ko ƙuda ya sauka mata.

Cocinmu a gindin gangare yake, titi ya bi ta ƙofarsa, manyan motoci suna gangarowa a guje. Ba a daɗe ba wata mota ta kashe ɗan wani mai shago a wurin, direban ya tsere ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Don haka unguwar a cike take fam tun kafin tamu ta faru.

Ranar Lahadin nan an tashi daga sujada, rana ta take. Ina harabar coci ina ninke rigunan mawaƙa na ji ƙarar ƙarfe, sai ihun mata. Da na fito na ga motar bulo ta daki katangar ƙetare, bulo ya zube a titi. Auta tana kwance gefen tayar baya, ƙafarta ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Shekararta tara a lokacin. Baba ya iso da makullan coci a hannu, ya durƙusa, ya kara kunnensa a bakinta.

"Tana numfashi," ya ce. "Ku ba ta iska, tana numfashi."

Wata nas 'yar cocinmu ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta. Shugaban mawaƙa ya kawo motarsa, aka shimfiɗe Auta a kan cinyar Mama da ta nas ɗin. Baba ya riga ya sa ƙafa ɗaya cikin motar lokacin da hayaniya ta ɓarke a baya. Samari sun jawo direban daga kujerarsa. Wani siririn dattijo ne mai furfura a gemu, jini a goshinsa, yana ta faɗin, "Birki ne ya tsinke, ku duba ku gani." Babu mai dubawa. Wani ya kai masa sanda a baya. Ban san yadda aka yi ya kuɓuce ba, sai ganinsa muka yi ya faɗa harabar coci, mutane na binsa.

Baba ya dubi harabar, ya dubi Auta.

"Shigo mana, Baban yara," Mama ta ce. Ta kama gefen rigarsa.

"Ku tafi, ina bayanku."

"Kana bayanmu kamar yaya? 'Yarka ce fa a nan."

Ya ɓamɓare yatsunta daga rigar, ya rufe ƙofar motar da kansa, ya bugi bayanta alamar a tafi. Na ga fuskar Mama ta gilashi lokacin da motar ta ja. Har yau ban manta wannan kallon ba.

Ɗakin ajiyar a jikin cocin yake ta baya, inda ake tara tsintsiya, karyayyun benci, ganga da injin wuta. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, tagarsa ƙarama mai sanduna. Baba ya san lungunan wurin fiye da masu bin, ya yanke ta bayan ɗakin yara, ya cafki direban, ya tura shi ciki, ya danna kwaɗo. Ni ina biye da shi da rigunan mawaƙa a hannu, ban ma san ina riƙe da su ba. Ya cusa makullan cikin rigunan, bai ko kalle ni ba.

"Uwata, je ki tsaya cikin mata. Kada ki buɗe baki ko me kika gani."

Sannan ya jingina bayansa da ƙofar.

Kafin ka ce me, harabar ta cika. 'Yan coci kaɗan ne a ciki, yawanci mutanen titi ne: masu shaguna, 'yan dako, masu wucewa da ba su ma ga abin da ya faru ba. Fasto ya yi tafiya a makon nan. Wani dattijon ikkilisiya ya koma gefe yana kiran 'yan sanda.

"Dikin, kawo makulli," in ji mai shagon da aka kashe wa ɗa. Muryarsa a dishe take.

"Ba ya wurina."

"Kai ka kulle."

"Ni na kulle. Ba ya wurina."

Suka lalube shi, suka zazzage aljihunsa, hankici da tabarau suka faɗi ƙasa, wani ya taka tabarau ɗin. Baba bai motsa daga jikin ƙofar ba. Makullan suna cikin rigunan da na rungume, na danne su da ƙirjina don kada su yi ƙara.

"'Yarka ya take fa, malam," wani ya ce. "Kai wane irin uba ne?"

"Na sani 'yata ce. Hukuma na zuwa, a ba ta shi."

"Wace hukuma? Wancan da ya gudu, hukumar ta kamo shi?"

Aka fara jifa. Duwatsun na dukan rufin kwano suna gangarowa. Daga ciki muna jin direban yana kuka yana kiran sunan Allah. Sai na ga wani saurayi ya kutso da jarka, warin fetur ya riga shi isowa. Wata mata kusa da ni ta ce a hankali, in aka kunna ɗakin nan ai cocin ma ya tafi.

A daidai nan wata murya daga baya ta ce yarinyar ta cika a hanya. Ban san wanda ya faɗa ba, har yau ban sani ba. Maganar ta bi taron baki-baki har ta iso gaba. Na ga Baba ya runtse ido, bakinsa ya buɗe, ya zame kaɗan a jikin ƙofar kamar zai zauna. Sai ya sake miƙewa.

"Wa ya gani da idonsa?" ya tambaya.

Sai mutane suka dare, Dogo ya fito ta tsakiya. Daga gareji yake, rigarsa duk baƙin mai, ƙarfen cire taya a hannunsa. Labarin da ya iske shi a hanya shi ne Auta ta mutu.

"Baba, matsa."

"Ajiye ƙarfen nan, ɗana."

"Ka matsa na ce. Ba da kai nake ba."

"Da ni kake. Babu wanda ya ce maka ya ga gawarta. Ajiye, mu tafi asibiti tare."

"Asibitin da ka ƙi bin ta? Ka tsaya gadin wanda ya kashe ta?"

Idanunsa suka zagaya taron suka faɗo kaina. Ya san ni, ya san Baba. Ya dubi rigunan da na rungume.

"Yaya, yana wurinki?"

Na ƙara matse rigunan. Wasu suka fara juyowa suna kallona. Baba ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, "Ni ne a gabanka, kar ka sa yayarka ciki."

Dogo ya juya, ya ture shi gefe da kafaɗa, ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya nufi kwaɗon. Baba bai iya kama shi ba, bai kai ƙarfinsa ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya miƙa hannun dama ya rufe kwaɗon da tafinsa. Ƙarfen ya riga ya taho.

Ƙarar ba ta da yawa. Baba bai yi ihu ba, numfashi kawai ya ja, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, amma bai cire hannun ba. Jini ya bi ƙofar yana sauka. Ƙarfen ya suɓuce daga hannun Dogo ya faɗi a siminti.

Wata tsohuwa da duk coci ke kira Kaka ta tako da sandarta, ta zauna daɓas a ƙasa a gaban ƙofar, ta ɗora jakarta a cinya. Ta dubi mai jarkar ta ce, "To zuba mana, ɗan nan, ka fara da ni, dama sanyi nake ji." Babu wanda ya yi dariya, amma saurayin ya sauke jarkar. Wasu mata suka bi ta suka zazzauna, ni ma na shiga cikinsu. Taron bai watse ba, zagi bai tsaya ba, wani dutse ma ya sami kafaɗar wata mata. Haka muka zauna cikin rana da warin fetur, ban san tsawon lokacin ba, har motar 'yan sanda ta shigo. Sai a lokacin Baba ya ce, "Uwata, kawo." Da aka buɗe, direban ya kasa tafiya da ƙafarsa, ɗaukarsa aka yi. Dogo kuwa babu wanda ya ga fitarsa.

Mun iske Mama a barandar asibiti, gaban rigarta duk jinin Auta. An shiga da yarinyar ɗakin tiyata, da ranta. Baba ya tsaya a gaban Mama, hannunsa naɗe da rigar mawaƙa. Ta kalli hannun, ba ta tambayi abin da ya same shi ba.

"Ta yi ta kiranka a mota," ta ce. "Har ta suma sunanka take kira. Na rasa abin da zan ce mata."

Ta matsa can ƙarshen benci. Bai bi ta ba.

Auta ta rayu. Ƙafar ta haɗu da ƙarfe a ciki, ta ɗan fi ɗayar gajarta. Yatsun Baba biyu suka warke a sandare, ba sa lanƙwasa. Direban kuma kotu ta yi nata, mu ba mu sake ganinsa ba, Baba bai taɓa neman labarinsa ba.

Abin da ya biyo baya a gida ya fi ranar kanta wuya. Watanni Mama ba ta yi masa magana in ba ta dole ba. Za ta ajiye masa abinci ta juya. In zai yi addu'ar safe ta tashi ta shiga kicin. Dogo bai dawo gida ba, a gareji yake kwana. A coci kuwa sai yabo, har wa'azi aka yi da sunansa, Baba yana zaune a benci na baya kansa a ƙasa, Mama ta ɗauki jakarta ta fita ana tsaka da wa'azin. Shi dai kullum yana gefen gadon Auta. Da aka sallame ta, a bayansa take zuwa makaranta, gajeren mutum da yarinya goye, ƙafarta mai filasta tana dukan cinyarsa. Ita Auta ba ta riƙe shi da komai ba. Wannan ma ya ƙara ɓata wa Mama rai.

Wata Asabar da hantsi abin ya fashe. Ina wanki a tsakar gida, Baba yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin rigarsa da hannun hagu, ya kasa. Mama tana kallonsa, ba ta taimaka ba.

"Har yaushe za mu zauna haka?" ya ce.

"Har ka gaya mini abin da baƙo yake da shi wanda 'yarka ba ta da shi."

"Auta tana hannunki, ga nas. Ko na shiga motar, ba abin da zan ƙara. Shi kuwa ba shi da kowa."

"Wannan ka ajiye wa Fasto. Ni matarka ce."

Ya saki maɓallin. Sannan ya ce, "Da na ji ihun nan, na san labari zai kai gareji. Na san ɗanki. Na san zai zo, kuma shi zai shiga gaba. Da na bi ku, da yanzu muna da ɗa da ya kashe mutum."

"To tun a ranar me ya hana ka faɗa?"

"Ban tabbata shi ne dalilin ba. Wani lokaci ina ganin don shi na tsaya, wani lokaci ina ganin ko ba shi zan tsaya. Ban so in yi miki ƙarya."

Ta ce, "Da ta mutu fa?"

"Da ban yafe wa kaina ba har kabari. Amma da ban buɗe ƙofar ba."

"Ka ji ko," ta ce. Ta tashi, ta ɓalle masa maɓallin da ƙarfi kamar za ta tsinke shi, ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ba a ranar ba, ba daga baya ba. Amma washegari ta zauna aka yi addu'a da ita.

Saura Dogo. Baba ya fara zuwa garejin da rana, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya gaisa da kowa. Dogo na ganinsa sai ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa. Baba ya yi ta zuwa har makanikan suka fara ajiye masa tayarsa a inuwa. Ranar da abin ya ƙare, durƙusawa ya yi ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Ba haƙuri na zo karɓa ba," ya ce. "Ƙananan sukuru sun fi ƙarfina yanzu, suna ta faɗuwa. Teloli sun fara kai kekunansu wani wuri. Ina neman hannu."

Makanikan sun ce sun daɗe suna jin kukan Dogo daga ƙarƙashin motar kafin ya fito. Ya koma shago, ya zauna a ɗan tsukukun nan kansa na taɓa matakala, Baba na nuna masa da sandararren yatsa, shi yana ɗaurawa. Ba su daina faɗa ba. Layin teloli duk sun san muryoyinsu. Amma tare suke rufe shago su taho gida.

Baba ya ci gaba da hidimar coci har tsufa ya hana shi ɗaga benci. Ya ga auren Auta, ya riƙe hannunta tana ɗingishi har gaban bagade. Ya ga jikoki, suka yi ta wasa da sanƙonsa. Duk wanda ya tado masa zancen ranar nan sai ya sauya magana, ya tambayi lafiyar iyalin mutum.

Ciwon ƙarshe bai ja ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta same shi da safe yana shara. A asibiti magana ta yi masa wuya, amma ya matsa sai ya ga kowa shi kaɗai. Ban san abin da ya gaya wa sauran ba. Ni na shiga ina tsammanin wasiyya mai nauyi. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce, "Ki riƙa zuwa wurin mamarki ranar Laraba. Ba za ta ce tana so ba. Ki je kawai."

Ina zuwa. Muna zama a tsakar gida, ita tana tsintar wake, ni ina yanka albasa. Wata rana ba ta ambatonsa sam. Wata rana sai ta yi ta ba ni labarinsa muna dariya har hawaye. Larabar da ta wuce wasu 'yan coci suka zo da shawarar a sa sunansa a jikin sabon ɗakin taro. Ta saurare su har suka gama, ta ba su ruwa, ta ce za ta yi tunani. Da suka fita ta ja tsaki.

"Su sa mana," ta ce. "Su ba su zauna da taurin kansa ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce in zan tafi in bi ta makabarta in duba, ta ji an ce ciyawa ta fara rufe wurin.